Neman Ƙarin Sukolashif a Makarantun Kasuwanci: Amfanin Samun Gurbi Fiye da Ɗaya

Kowace shekara akwai 'yan Nijeriya, maza da mata, waɗanda sukan yi nasarar samun gurbin karatun digiri na biyu a fannin tafiyar da harkokin kasuwanci, watau digirin da aka fi sani da MBA, a jami'o'in Amurka da Turai da Kanada. Da yawa daga cikinsu murnarsu ba ta daɗewa, domin takardar da ta kawo albishir ita ce kuma take ɗauke da lissafin kuɗin da za a biya. Wasu sukan haƙura da karatun baki ɗaya, wasu sukan sa iyaye su sayar da gona ko fili, wasu kuma su ci bashin da za su yi shekaru suna biya. Kaɗan ne suka san cewa a makarantu da yawa ana iya roƙon a sake duba adadin taimakon da aka rubuta a takardar farko, kuma babbar hujjar da mai roƙo zai riƙe ita ce takardar wata makarantar wadda ita ma ta ba shi gurbi. An shirya wannan bayani ne domin a nuna inda wannan hanya take aiki, da inda ba ta aiki, da yadda ake bin ta cikin gaskiya da mutunci.

Karatun da Tsadarsa

Makarantun kasuwanci sun daɗe a duniya. An kafa makarantar Wharton ta Jami'ar Pennsylvania a 1881, ta Harvard kuwa ta buɗe a 1908, kuma ita ce ta fara ba da digirin MBA. A Turai an kafa INSEAD a garin Fontainebleau na Faransa a 1957, sa'an nan Makarantar Kasuwanci ta Landan a 1964. A nan gida Makarantar Kasuwanci ta Legas ta soma aiki a 1991. A Amurka karatun yakan ɗauki shekara biyu, a yawancin makarantun Turai kuwa shekara ɗaya ce, har na INSEAD ma wata goma ne.

Mai karatun digiri na uku a fannin kimiyya sau da yawa jami'a ce take ɗaukar nauyinsa, amma mai karatun MBA shi ake sa ran zai biya wa kansa. A shekarar karatu ta 2024/25 kuɗin koyarwa kaɗai a Harvard ya zarce dala 75,000, in kuwa aka haɗa da masauki da abinci da inshorar lafiya da littattafai, abin ya haura dala 110,000 a shekara guda. Manyan tsararrakinta ma kusan haka suke.

Ga ɗan Nijeriya nauyin ya ninka, saboda albashinsa da ajiyarsa da naira suke. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma, bayan sauyin tsarin musayar kuɗi na watan Yunin wannan shekara kuwa, sai ga ta ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Bisa wannan farashi, ƙarin dala 10,000 a kan sukolashif daidai yake da naira miliyan 15. Ke nan wasiƙa guda mai shafi ɗaya tana iya ɗauke wa gida nauyin da albashin shekaru ba zai ɗauke ba.

Sukolashif Iri Biyu Ne

Abu na farko da ya kamata mai nema ya tantance shi ne irin sukolashif ɗin da aka ba shi, domin iri biyu ne, kuma kowanne da ƙofarsa.

Na farko shi ne na bukata. A nan makaranta takan dubi abin da mutum ya samu a shekarun baya, da abin da ya mallaka, da bashin da ke kansa, da halin gidan da ya fito, sa'an nan ta yanke masa taimako gwargwadon rashinsa. Makarantun kasuwanci na Harvard da Stanford a kan wannan tsari suke. Kusan rabin ɗaliban MBA na Harvard suna samun irin wannan taimako, kuma a 2022 makarantar ta sanar da cewa za ta riƙa ɗauke dukan kuɗin koyarwa ga kimanin kashi 10 cikin 100 na ɗalibanta, watau waɗanda suka fi kowa bukata. A irin waɗannan makarantu, nuna takardar wata makaranta ba ya ƙara ko anini. Abin da yake aiki shi ne shaidar cewa lissafin da aka yi bai nuna ainihin halin mutum ba, ko kuwa halin ya canza, kamar a ce darajar ajiyarsa ta faɗi saboda faɗuwar naira, ko ya rasa aiki, ko ɗawainiyar iyaye da ƙanne tana wuyansa. Duk wannan sai da takardun shaida.

Na biyu shi ne na cancanta. Wannan ragi ne da makaranta take yi wa wanda take so ƙwarai ya zo, saboda makinsa na jarrabawa, ko darajar digirinsa na farko, ko irin aikin da ya yi, ko ƙasar da ya fito. Mafi yawan makarantun kasuwanci irin wannan suke bayarwa, kuma a kansa ne ake iya neman ƙari da hujjar wani gurbin. Sauran wannan bayani a kan wannan iri na biyu yake.

Me Ya Sa Makaranta Take Saurarawa?

Mai karatu zai iya tambaya, makarantar da dubban mutane suke rububin shiga, me zai sa ta kula da roƙon mutum ɗaya? Dalilai uku ne.

Na ɗaya, makarantun suna gasa da juna a kan ɗalibai kamar yadda ɗalibai suke gasa a kan gurabe. Jaridu da mujallu irin su Financial Times da U.S. News & World Report sukan fitar da jerin fifikon makarantu kowace shekara. U.S. News tana duba matsakaicin makin jarrabawar shiga na ɗaliban da aka ɗauka da makin digirinsu na farko, Financial Times kuwa tana lissafa yawan ɗalibai mata da yawan 'yan ƙasashen waje, da albashin da ɗalibai suke samu bayan sun gama. Saboda haka ɗalibi mai babban maki, wanda ya fito daga ƙasar da ba ta da wakilai da yawa a ajin, yana ƙara wa makaranta abin da take nema.

Na biyu, kowace makaranta tana lura da yawan waɗanda ta ba gurbi suka amsa, da waɗanda suka ƙi suka tafi wani wuri. Ba ta jin daɗi ta zaɓi mutum bayan doguwar tantancewa sa'an nan abokiyar gasarta ta ɗauke shi.

Na uku, kuɗin sukolashif yana zagayawa. Cikin waɗanda aka yi wa tayi, lalle wasu za su zaɓi wata makaranta, kuɗin da aka ware musu kuma ya dawo asusu. Wannan kuɗi da ya dawo shi ne galibi ake ƙara wa waɗanda suka nema. Wanda bai yi magana ba, ofishin ɗaukar ɗalibai zai ɗauka abin da aka ba shi ya wadatar da shi.

Duk da haka makarantu sun bambanta. Akwai waɗanda suka rubuta ƙarara cewa ba sa sake duba abin da suka bayar, akwai masu fom na musamman domin neman a sake dubawa, akwai kuma waɗanda ba su ce kome ba amma sukan saurari wanda ya rubuto. Wajibi ne a karanta takardar tayi da ƙa'idojin makaranta tun daga farko har ƙarshe kafin a ɗauki alƙalami.

Wace Takarda Ce Mai Nauyi?

Ba kowane gurbi ne yake zama hujja ba. Makaranta tana motsawa ne idan ta ga tsararta, ko wadda ta fi ta martaba, tana neman ɗauke mata ɗalibi. In makarantar da ke can ƙasa a jerin fifiko ta yi wa mutum tayin dukan kuɗin koyarwa, wadda ke sama ba lalle ta damu ba, domin ta san kowa yana biyan suna. Amma in tsararta ce ta ba da fiye da abin da ita ta bayar, magana ta yi ƙarfi. Haka kuma gurbi a makarantar da ta fi martaba, ko da babu sukolashif a cikinsa, yana iya sa wadda ke ƙasa da ita ta ƙara abin da ta bayar don kada a kuɓuce mata.

Wannan ya nuna cewa shirin neman ƙari yana farawa ne tun lokacin cike takardun neman shiga. Makarantun Amurka sukan karɓi takardu zagaye-zagaye: na farko wajen Satumba, a ba da amsa a Disamba, na biyu wajen Janairu, a ba da amsa a Maris, wasu kuma suna da na uku wajen Afrilu, lokacin da yawancin kuɗin ya riga ya ƙare. Mai hikima yakan nemi makarantu huɗu ko biyar masu kusancin martaba a zagaye ɗaya, domin amsoshinsu su zo a tare ya iya gwama su. Wanda ya nemi ɗaya a Satumba ɗaya a Janairu, wa'adin amsa ta farko zai cika tun ta biyu ba ta ce uffan ba.

A kula kuma da wani irin zagaye da wasu makarantu suke da shi, wanda mai nema yake sa hannu tun da fari cewa in an ɗauke shi zai zo, zai kuma janye takardunsa daga sauran wurare. Wanda ya shiga ta wannan ƙofa ya riga ya sallama, ba shi da sauran abin gwamawa.

Bayan takardar wata makaranta, sabon abin da ya faru bayan an aika da takardun neman shiga shi ma hujja ne. Misali ƙarin girma a wurin aiki, ko kammala jarrabawar ƙwararru kamar ta ICAN ko ACCA, ko sabon maki mafi girma a jarrabawar GMAT ko GRE. Tun ƙarshen 2023 aka fito da sabon tsarin GMAT mai maki daga 205 zuwa 805, ana iya sake zamanta bayan kwana 16, kuma sakamakonta yana aiki har shekara biyar.

Lissafi Kafin Magana

Kuskuren da aka fi yi shi ne gwama girman sukolashif da girman sukolashif. Abin da ya kamata a gwama shi ne abin da zai rage a wuyan ɗalibi bayan an cire taimakon. Ga misali da alƙaluma na kwatance.

A ce wata ma'aikaciyar banki ta sami gurbi a makarantu biyu masu kusancin martaba. Ta farko tana babban birni. Kuɗin koyarwarta dala 80,000 ne a shekara, zama a garin kuma yana cin dala 35,000, jimlar shekara biyu ke nan dala 230,000. Ta ba ta sukolashif na dala 30,000 a shekara, watau 60,000, saura 170,000.

Ta biyu tana ƙaramin gari. Kuɗin koyarwa dala 70,000, zama dala 22,000, jimlar shekara biyu dala 184,000. Ta ba ta dala 25,000 a shekara, watau 50,000, saura 134,000.

Wanda ya dubi takardun biyu a gurguje zai ce ta farko ta fi alheri, tun da taimakonta ya ɗara na ta biyu da dala 10,000. Amma lissafi ya nuna ta biyu ta fi sauƙi da dala 36,000, watau naira miliyan 54 in an yi canji a kan 1,500. In zuciyar wannan ma'aikaciya tana ga makaranta ta farko, to wannan tazara ta 36,000 ita ce za ta nuna musu. In ta roƙi ƙarin dala 15,000 a kowace shekara aka ba ta, tazarar ta koma 6,000, abin da za ta iya ɗauka.

In ana gwama makarantar shekara biyu da ta shekara ɗaya, sai a haɗa da albashin da mutum zai rasa a shekarar da yake zaune a aji. A kuma tabbatar da amsar waɗannan tambayoyi tun kafin a yi lissafi: Adadin da aka rubuta na shekara ɗaya ne ko na dukan karatun? Akwai sharaɗin cewa sai ɗalibi ya riƙe wani maki kafin a ci gaba da ba shi a shekara ta biyu? In ya sami taimako daga wata hukuma ko gidauniya, za a rage nasu?

Lokacin da Ya Dace

Kowace takardar tayi tana ɗauke da ranar da za a biya kafin alƙalami, watau kuɗin riƙe gurbi, wanda galibi ba a mayarwa. A wasu makarantun Amurka dala dubu ɗaya ne ko biyu, a wasu na Turai kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Lokacin magana shi ne tsakanin ranar da dukan takardun tayi suka shigo hannu da ranar biyan wannan kuɗi. Wanda ya riga ya biya ya nuna wa makaranta cewa zai zo ko an ƙara ko ba a ƙara ba. Wanda kuma ya bari sai ana saura kwana biyu wa'adi ya cika bai ba kwamiti damar zama ba. Mako biyu ko uku kafin ranar shi ne daidai.

In wa'adin wata makaranta zai cika alhali ana jiran amsar wata, babu laifi a roƙi ƙarin 'yan kwanaki, a kuma faɗi dalili. Wasu sukan yarda, wasu ba sa yarda.

Yadda Ake Rubuta Wasiƙar

Ana aika wasiƙar ta imel zuwa ga jami'in da ya sa hannu a takardar tayi, ko wanda ya buga waya ya yi albishir, sai fa in makarantar tana da fom nata. Kada ta wuce shafi ɗaya. Ga abin da ya kamata ta ƙunsa, bi da bi:

1. Godiya a kan gurbin da kuma taimakon da aka riga aka bayar, tare da ambaton adadinsa.

2. Dalilin da ya sa mai nema yake son wannan makaranta musamman. A ambaci abu takamaimai, kamar wani darasi, ko wata cibiyar bincike, ko dacewarta da aikin da mutum yake nufin yi bayan ya gama. Yabon da za a iya aika wa kowace makaranta ba ya amfani.

3. Sunan ɗaya makarantar da abin da ta bayar, tare da kwafin takardarta. Da yawa daga makarantu sukan nemi su gani da idonsu.

4. Lissafin tazarar a layi biyu ko uku, da bayanin abin da mutum ya tanada da kansa. Nuna cewa ɗalibi ya ɗauki nasa rabon nauyin yana ƙara wa roƙonsa daraja. A nan ne kuma ya dace a ambaci halin da naira take ciki, domin jami'in da ke zaune a wata nahiya ba lalle ya san abin da albashin Kano ko Legas yake zama ba in an mai da shi dala.

5. Sabon ci gaba, in akwai.

6. Roƙon kansa, a fili, da adadi. In gaskiya ne cewa samun wannan adadi zai sa mutum ya biya kafin alƙalami nan take ya janye daga sauran wurare, to ya faɗa, domin babu jimlar da ta fi wannan ƙarfi a wasiƙar. In kuwa ba gaskiya ba ne, kada ya faɗa.

Harshen wasiƙar ya zama na mai roƙo wanda ya san darajar kansa. Barazana ba ta da wuri, haka ma yawan kuka da ƙasƙantar da kai. Ciniki a nan ya sha bamban da na kasuwar Kurmi, inda mai saye zai taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a daidaita. A nan sau ɗaya ake magana, a faɗi adadin da ake bukata na gaskiya. Mutumin da aka ƙara masa ya dawo yana neman wani ƙarin, ko ya ɗauki sabon adadin ya kai wa makaranta ta biyu, ya ɗauko nata ya komo wa ta farko, jami'ai sukan gane shi da wuri su rufe maganar. Kuma ɗalibin da kansa ne zai rubuta. Wasiƙa daga uba ko kawu ko wani babban mutum ba ta taimakawa, domin makarantar tana horar da masu shugabanci ne, tana kuma lura da wanda zai iya tsaya wa kansa.

Amsoshin da Akan Samu

Makaranta tana iya ba da dukan abin da aka roƙa. In haka ta faru ga wanda ya yi alƙawarin zuwa, sai ya cika, alƙawari kaya ne.

Tana iya ba da wani sashe. A nan sai a koma ga lissafi, a ga ko abin da ya rage ɗaukakke ne.

Tana iya cewa a dakata sai bayan ranar biyan kafin alƙalami, lokacin da za ta san nawa ne ya dawo asusu. Wannan amsa tana bukatar hattara, domin fata ne kurum. Kada mutum ya saki tayin da ke hannunsa a rubuce saboda maganar baka, Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Duk ƙarin da aka yi, sai an gan shi a sabuwar takarda sa'an nan ya tabbata.

Tana kuma iya cewa a'a. Wannan ba ya taɓa gurbin, ba ya kuma rage taimakon farko, muddin an yi roƙon cikin ladabi. Sai a yi godiya, a tambaya ko akwai wasu ƙofofin: sukolashif na musamman da ake cike wa fom dabam, ko aikin taimaka wa malami a shekara ta biyu, ko izinin biyan kuɗi kashi-kashi. Mata su tambaya game da tallafin gidauniyar Forté, wanda makarantun da ke cikin ƙungiyar suke zaɓar wa ɗalibansu mata.

Abubuwan da Za a Kiyaye

Ƙarya ita ce babban haɗari. Ƙirƙiro tayin da babu shi, ko ƙara sifili a kan wanda ke akwai, ko gyara takarda da kwamfuta, kowanne yana iya sa a janye gurbin gaba ɗaya, ko bayan an fara karatu. Jami'an waɗannan makarantu sun san juna, sun kuma san irin abin da kowace takan bayar. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wanda aka kama yakan jawo a riƙa zargin takardun 'yan ƙasarsa da za su nema bayansa.

Biyan kafin alƙalami a makarantu biyu domin a riƙe gurabe biyu ya saɓa wa ƙa'idar makarantu da yawa, ban da asarar kuɗi, kuma yana tare wa wani da ke jerin masu jira hanya. Da zarar an yanke shawara, a rubuta wa sauran makarantu a gode musu a sake musu gurbinsu.

A yi hankali da dillalan da suke cewa in an ba su la'ada za su samo sukolashif ko su sa a ƙara. Babu wani ɗan tsakani da yake da iko a kan kwamitin makaranta, kuma neman a sake dubawa kyauta ne. Biyan irin waɗannan mutane cinikin biri a sama ne.

Biza da Sauran Hanyoyin Taimako

Girman sukolashif yana shafar biza kai tsaye. Kafin makarantar Amurka ta ba ɗalibi takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar karatu, sai ya nuna shaidar kuɗin shekarar farko, kuma abin da aka ba shi na sukolashif ana cire shi daga adadin da zai nuna. A Ingila makaranta takan ba da lambar CAS, kuɗin da ake bukata kuma sai sun yi kwana 28 a jere a cikin asusu. Tun Janairun 2024 Ingila ta hana masu irin wannan karatu tafiya da iyalansu a kan bizar ɗalibi.

Dokokin biza suna canzawa, wani lokaci ba tare da dogon gargaɗi ba. A 2025 Amurka ta sauya ƙa'idojinta ga 'yan Nijeriya har sau biyu: a Yuli ta rage wa'adin yawancin bizar da ba ta zama ba zuwa wata uku da shiga sau ɗaya, a Disamba kuma ta sanar da dakatar da ba su wasu nau'o'in biza, har da ta ɗalibai, daga farkon 2026. Saboda haka wajibi ne a bincika halin da ake ciki daga ofishin jakadancin ƙasar da za a je kafin a biya ko kwabo. A kuma tambayi makaranta a rubuce: in ba a sami biza ba, za a ɗage gurbin zuwa baɗi? In an ɗage, sukolashif ɗin zai bi shi? Gurbin da mutum ba zai iya zuwa ya cika ba, nauyinsa kaɗan ne a matsayin hujja, shi ya sa ya fi kyau a rarraba nema tsakanin ƙasashe biyu ko uku.

Akwai kuma taimakon da ba daga makaranta yake fitowa ba. Sukolashif na Chevening, wanda gwamnatin Birtaniya ta fara a 1983, yana ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara ɗaya, amma yana da iyaka a kan abin da yake biya na kuɗin MBA, kuma sharaɗinsa ne ɗalibi ya koma ƙasarsa na aƙalla shekara biyu. Jami'ar Stanford tana da shirin Knight-Hennessy, wanda ake nema dabam da neman shiga makarantar kasuwancinta. Wasu kamfanoni sukan biya wa ma'aikatansu bisa sharaɗin su dawo su yi musu aiki. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND kuwa, wanda ya fara aiki a 2024, na ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne na cikin gida, bai shafi karatu a waje ba. Masu ba da rancen karatu na ƙasashen waje da dala ko fam suke bayarwa, da su kuma ake biya, don haka wanda yake nufin dawowa ya karɓi albashi da naira ya auna wannan da kyau. Kowace dala da aka samu ta hanyar sukolashif dala ce da ba za a ranta ba, ba kuma za a biya ruwa a kanta ba.

Taƙaitawa

Mai neman karatun MBA ya nemi makarantu masu kusancin martaba a zagaye ɗaya. In amsoshi sun zo, ya tantance ko taimakon na bukata ne ko na cancanta, ya lissafa abin da zai rage a wuyansa a kowace makaranta, sa'an nan ya rubuta wa wadda ya fi so wasiƙa guda, mako biyu ko uku kafin ranar biyan kafin alƙalami, da adadi a fili da kwafin takardar ɗaya makarantar. Kada ya faɗi abin da ba haka yake ba, kada ya saki tayin da ke rubuce saboda na baka, kuma in an biya masa bukata ya cika alƙawarinsa.

Ana kira ga iyaye da 'yan'uwa da suke shirin sayar da kadara domin wannan karatu da su dakata tukuna, su tambayi ɗansu ko 'yarsu ko an rubuta wannan wasiƙa, da kuma amsar da aka samu.